Abin da ke kwance tsakanin falanki da falanki

Shekara ɗaya da wata biyar katakon nan ya yi a jibge a bayan ɗakin ajiyar kaya. Ragowar aikin rufi ne, tu-bai-fo talatin da 'yan kai, falankai masu faɗi goma sha huɗu, da tsofaffin ƙyamare biyu da aka cire lokacin gyara. Ranar da na ajiye shi abu biyu kawai nake tsoro, ruwa da gara. Saboda ruwa na lulluɓe shi da tamfol na danne gefe-gefen da bulo. Saboda gara na shafa wa na ƙasan baƙin mai. Sai na jera falanki a kan falanki, ciki da ciki, na matsa su jikin bango don kada su tare hanya. A ganina na yi ajiya mai kyau. Ashe masauki na gina, ga duhu, ga ɗumi, ga bushewa, kuma ba mai taɓawa. Kyankyasai da gyare ne suka fara tarewa, mai cin su, wato gizo-gizo, ya biyo bayansu.

Ranar da abin ya faru kanta nake son bugawa. Falanki huɗu kacal nake buƙata, shi ya sa ban ɗauki aikin a bakin komai ba. Rana ta riga ta yi sanyi, bayan ɗakin ya fara duhu. Safar hannuna ta fata tana rataye a ƙusa, na gan ta da idona, na wuce ta. Riga mai gajeren hannu ce a jikina. Na kira ƙanena ya kama mini ɗaya gefen, na yaye tamfol, na zura hannu ƙarƙashin falankan ina laluben inda zan kama.

Akwai abin da yatsuna suka gaya mini a lokacin, ni ne ban saurara ba. Yanar da na ci karo da ita ba irin mai laushin nan ba ce da ke narkewa a hannu. Tana da tauri, tana ja, har sai da na ji tana ɗan ƙas-ƙas yayin da take tsinkewa. Na share ta a jikin wando na ci gaba. Na tattaro falankan huɗu, na rungume su tsakanin damtse da ƙirji, na ɗaga. A nan na ji wani abu tsit a cikin sangalin hannun hagu, inda fata take da taushi. Na ɗauka sartse ne. Duk mai aikin katako ya saba da sartse, ba ya sa a ajiye kaya.

Sai ƙanena ya ce, "Yaya, tsaya cak. Ga wani abu nan yana bin gwiwar hannunka."

Ya sa guntun kwali ya kaɗe shi ƙasa, ya kifa masa kwalba. Gizo-gizo ne, jikinsa bai wuce maɓallin riga ba, cikinsa a mulmule, ruwan ƙasa mai zane-zane, ƙafafunsa dogaye masu duhu a gaɓoɓi. Ƙafa biyu sun karye, alamar na matse shi da falanki. Da muka haska kwalbar da tocilar waya ta ƙasa, sai ga wani tambari ruwan lemo a ƙarƙashin cikinsa, sak siffar kalangu, mai faɗi sama da ƙasa, siriri a tsakiya. Muka koma muka haska cikin ninkin tamfol. Ƙwallayen ƙwai ne a rataye, farare-farare masu ƙayoyi kamar ƙarangiya. Mun ƙirga bakwai.

Minti goma na farko ba wani abin a zo a gani. Ɗan jan tabo ne, ko ɗigon jini babu. Bayan kamar rabin awa wurin ya ɗauki zugi mai zafi, irin na wanda ya taɓa garwashi, ya fara hawa sama. Abin da ya fi tayar mini da hankali zufa ce. Sauran jikina a bushe yake, amma daidai kewayen cizon, wuri kamar faɗin tafin hannu, ya jiƙe sharkaf, gashin wurin ya mimmiƙe. Na goge, ta dawo. Kafin awa guda kaluluwa ta fito mini a hammata.

A nan na yi kuskure na biyu. Wani da ke kusa ya ce a ɗaure hannun tamau don kada dafin ya hau, wani ya ce a tsaga da reza a matse. Tsagar dai na ƙi, amma na yarda aka ɗaure mini damtse da tsumma, ni kuma na yi ta matsa wurin da babban yatsa ko wani abu zai fito. Ba abin da ya fito, sai ƙarin ciwo. Ƙanena ne ya dage mu tafi asibiti, kuma shi ya tuna ya ɗauko kwalbar.

Likitar da ta duba ni, abin da ta fara yi shi ne kwance tsumman. Ta ce, "Malam, wannan ɗaurin ba ya tsare dafin irin wannan gizo-gizon, jini kawai yake hana wa hannunka, ya ƙara maka azaba." Ta ɗaga kwalbar ta duba a haske, ta ce da duk masu zuwa da cizo za su zo da abin da ya cije su, da aikinta ya yi sauƙi. Aka wanke wurin da ruwa da sabulu, aka naɗe ƙanƙara a tawul aka ɗora, ta zagaye jan da biro don a ga ko zai faɗaɗa. Ta auna hawan jini, ta danna cikina tana tambaya ko ya yi tauri ko yana murɗawa. Ta tambayi yaushe rabona da allurar tetanus, na kasa tunawa, aka yi mini. Aka ba ni maganin ciwo, aka ce in zauna a sa mini ido. Awa huɗu na yi a can. Ciwon bai wuce hannu da hammata ba, aka sallame ni da sharaɗin in dawo nan take idan ciki ko baya ya ɗaure, ko numfashi ya yi nauyi, ko amai ya zo.

Daren nan ban yi barci ba. Kwana biyu hannun yana zugi, a na uku ya lafa, ya bar ƙaiƙayi da wani ɗan nauyi na kusan mako guda. Da yake ba na iya riƙe zarto a kwanakin, sai na zauna karatu a kan abin da ya cije ni.

Dangin Latrodectus ne, waɗanda ake wa laƙabi da masu takaba, domin a wasu jinsunan macen takan cinye namijin bayan barbara. Wadda ta fi suna a cikinsu baƙa ce wuluk mai sheƙi, da jan kalangu a ciki, ta Arewacin Amurka. Akwai mai jan baya ta Ostareliya. Tawa ita ce mai ruwan ƙasa, Latrodectus geometricus, wadda ta bazu a yawancin ƙasashe masu ɗumi na duniya, tana bin kaya da motoci da jiragen ruwa. Ƙwallon ƙwanta mai ƙayoyi shi ne babbar shaidarta, na sauran danginta sumul yake. Kowane ƙwallo na ɗauke da ƙwai kamar 120 zuwa 150, mace ɗaya kuma tana iya yin ƙwallo har ashirin a rayuwarta. Da na lissafa bakwai ɗin da muka gani, na gane kusan 'ya'ya dubu ne ke jiran ƙyanƙyasa a bayan ɗakina, inda yara ke ɓuya in suna wasa. Wannan tunanin ya fi cizon damuna.

Dafin nasu kan jijiyoyin saƙo yake aiki. Akwai wani sinadari a cikinsa, alfa-latrotoksin, da ke manne wa bakin jijiya ya huda ta, sai ta zazzage duk saƙon da take ajiye da shi a lokaci guda maimakon kaɗan-kaɗan. Tsoka ta sami umarnin ɗaurewa ba ƙaƙƙautawa, hanyoyin zufa su buɗe, wani lokaci jini ya hau. Shi ya sa zufa ta tsaya mini a wuri ɗaya, shi ya sa kuma likita ta yi ta danna cikina. Idan dafin ya yi yawa, cikin mutum kan yi tauri kamar katako, har a ɗauka ciwon da ke buƙatar tiyata ne. Na yi sa'a da irin wadda ta same ni. Wani likita a Afirka ta Kudu, G. J. Müller, ya wallafa bayanin mutum 45 da masu takaba suka ciza a shekarar 1993, talatin baƙar mai takaba ta ƙasar ce ta cije su, goma sha biyar mai ruwan ƙasa. Na rukunin farko ne suka sha wuya sosai, na biyun galibi ciwon bai wuce kewayen cizon ba. Ga ƙaramin yaro, ko tsoho, ko mai juna biyu, ko mai ciwon zuciya, lissafin daban ne, ba a zama da su a gida a ce bari a ga abin da zai faru.

Akwai dangi na biyu da mai taɓa ajiyayyen katako ya kamata ya sani, Loxosceles, masu ɓuya. Su ba sa rataye a yana a fili. Siraran gizo-gizo ne ruwan ƙasa, marasa ado, wasu da ɗan tambari mai kama da goge a gadon baya. Yawancin gizo-gizo ido takwas gare su, su kuwa shida, bibbiyu a wuri uku. Tsagar katako, bayan ɓawo, cikin kwali, tsohuwar rigar aiki da aka rataye aka manta, nan ne gidansu, kuma suna iya yin watanni ba ci ba sha. Cizonsu sau da yawa ba a jin sa. Sai bayan awa biyu zuwa takwas wurin ya fara ciwo, tsakiyarsa ta yi fari ko shuɗi-shuɗi, wani lokaci ta yi bororo. Dafinsu na lalata ƙananan hanyoyin jini da fata. Mafi yawan cizon na warkewa da kansa, kaɗan ne ke zama gyambon da ke ɗaukar makonni ko watanni. Wanda ya fi haɗari, ko da yake bai cika faruwa ba, shi ne dafin ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, mutum ya yi zazzaɓi, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Wanda ya ga haka bayan cizo, asibiti zai nufa a daren, kada ya jira gari ya waye. Akwai su a kudanci da tsakiyar ƙasar Amurka, akwai jinsi mai ƙarfin dafi a Chile da Brazil da maƙwabtansu, akwai kuma na yankin Bahar Rum da ya bi kayan fatauci ya shiga ƙasashe da dama.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka na zama a makonnin farko. Kowace yana na gani sai gabana ya faɗi, har na yi niyyar zuba wa jibgin fetur in ƙona shi gaba ɗaya. Abin da ya sami ƙanena ne ya dawo da ni hayyacina.

Kwana goma bayan cizona, ƙurji ya fito masa a gefen cinya. Ja, mai zafi, da baƙin ɗigo a tsakiya. Kowa a gidan ya yanke hukunci, ai gizo-gizon katakon nan ne shi ma. Shi kansa ya yarda. Ya ce mini, "Yaya, kai ma kwana uku ka yi ka warke, bari in sa ƙanƙara." Ni ma na yarda da shi, kuma har yau ina jin nauyin wannan a raina. Kwana huɗu yana sa ƙanƙara, ƙurjin yana ƙara girma, ya tara ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Da muka je asibiti, tambayar farko da aka yi masa ita ce ko ya ga gizo-gizon yana cizonsa. Bai gani ba. Aka fasa wurin, aka fitar da mugunya, a ciki kuwa sai ga ɗan siririn sartse. Falankin da ya goga a cinyarsa ranar da muke ɗauka ne ya bar masa shi, ƙwayar cuta ta bi ta nan. Sai da ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda, ana wanke masa ramin kullum.

Ashe wannan kuskure ne da ya zama ruwan dare a duniya. Ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, musamman nau'inta mai bijire wa magunguna da ake kira MRSA, tana fara ƙurjinta ne tamkar cizo, mutane su yi ta ɗora wa gizo-gizo laifi alhali maruru ne ke cin su. Wani masanin gizo-gizo a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, Rick Vetter, ya yi shekaru yana nuna yadda ake rubuta "cizon mai ɓuya" a yankunan da wannan gizo-gizon ba ya ma zaune. Shi ne kuma, da abokiyar aikinsa, ya ba da labarin wani gida a jihar Kansas inda aka kama masu ɓuya 2,055 a cikin wata shida a shekarar 2001. Mutum huɗu ke kwana a gidan, shekara da shekaru, ba wanda aka taɓa samu da cizo. A Ostareliya, ƙasar da ta yi suna da miyagun gizo-gizo, Geoffrey Isbister da Michael Gray sun bi diddigin cizo 750 da aka tabbatar, wato an kama gizo-gizon kuma masani ya tantance shi, suka wallafa a 2002. Kashi shida cikin ɗari ne kawai suka yi tsanani, mafi yawansu na mai jan baya, kuma babu ko ɗaya da ya zama gyambo mai cin nama.

Jinsin gizo-gizo da aka rubuta sunansu sun haye dubu hamsin tun 2022. Kusan dukkansu suna da dafi, amma na kama ƙwari ne, ƙalilan ne ke iya yi wa mutum illa ta gaske. Manyan nan masu faɗi da ke fitowa a guje idan an ɗaga falanki, waɗanda suka fi ba mutane tsoro, cizonsu bai cika wuce zafi da ɗan kumburi ba. Gizo-gizo ba ya shan jini, ba abin da yake nema a jikinmu. Mai takaba in an taɓa yanarta, gudu take yi ta shige lungu, ko ta saki kanta ƙasa ta dunƙule kamar matacciya. Tawa ba ta sami hanyar gudu ba, na haɗa ta da falanki na matse da naman hannuna. Da na bi labaran cizon da na karanta ɗaya bayan ɗaya, kusan duk haka suke. Wani ya zura ƙafa a takalmin da ya kwana a waje, wani ya sa safar hannu bai kaɗe ba, wani ya rungumi itacen wuta a ƙirji. Hannu ne ke riga ido isa wurin.

Don haka ban ƙona katakon ba. Na sāke masa zama, kuma na sāke yadda nake taɓa shi.

Mun zaɓi tsakar rana, lokacin da haske ya game ko'ina. Na sa riga mai dogon hannu, na cusa bakin hannun a cikin safar fata, na cusa ƙafar wando a cikin safa, na sa takalmi rufaffe. Haƙoran waɗannan halittu gajeru ne, ba sa huda fatar safa, masu ɓuya ma ko yadi mai kauri ba sa iya wucewa. Amma kafin in sa safar sai da na ajiye ta a ƙasa na tattake kowane yatsa, na buga ta a bango, domin safar da ta yi wata tana rataye a ɗakin ajiya ita kanta ɗaki ce. Yanzu a cikin leda mai zif nake ajiye ta. Tamfol kuwa da sanda na ɗaga shi, na ja shi fili na shanya, cikinsa yana kallon rana.

Falanki ɗaya-ɗaya muka riƙa ɗauka. Wannan ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma ya fi amfani. Kafin in taɓa, sai in buga kan falankin da guduma sau biyu ko uku, in ɗan jira, abin da ke ciki ya ji girgiza ya nemi hanya. Sai in sa ƙarfen cire ƙusa in ɗaga gefen da ke nesa da ni, ina jawo shi wajena, yadda falankin zai zama garkuwa tsakanina da duk abin da zai fito. In duba ƙasansa, in duba bakinsa biyu inda tsaga take, in duba ramukan ƙulli da na tsofaffin ƙusoshi, in bi shi da buroshi mai tauri. Sai a kama shi ta gefe da gefe, nesa da jiki. Na daina rungumar katako, na daina saɓa shi a kafaɗa kusa da wuya sai wanda na share da hannuna. A ranar mun sami masu takaba huɗu, duk a layuka uku na ƙasa da cikin lungun da ke tsakanin jibgin da bango. Mun sami kunama ɗaya a ƙarƙashin bulo. Ƙyamaren nan biyu sun fi komai tara su, saboda ramukan makulli da ƙasan gindinsu.

Ƙwallayen ƙwan na tsince su da dogon tsinke na murƙushe a ƙasa da takalmi. Feshin maganin ƙwari ba ya ratsa saƙar ƙwallon yadda ya kamata, kuma ba ya shiga tsakanin falankan da ke manne, sai dai ya ba mutum kwanciyar hankalin da ba ta da tushe. Na fesa wa uwar da na gani ido da ido, sauran aikin na tsintsiya ne da buroshi. Na kuma bar gidajen zanzaro da ke jikin bangon, waɗanda a da nake farfasawa, domin da gizo-gizo yake cika ɗakunan lakarsa don ciyar da 'ya'yansa.

Sabon jibgin na ɗauke shi daga jikin bango, na kai shi kamar mita shida daga ɗakunan kwana. Na ɗora shi a kan bulo da ƙarfe, tazarar taƙi guda da ɗoriya daga ƙasa, yadda zan iya durƙusawa in haska ƙarƙashinsa in share. Tsakanin kowane layi na sa siraran sanduna masu kaurin santimita biyu, a jere kowane rabin mita, ɗaya daidai saman ɗaya. Wani zai ce ai wannan ƙarin maɓoya ce na buɗe musu. Na yi tunanin haka, amma abin da na gani daban ne. Ratar da iska da haske ke ratsawa, wadda zan iya haska tocila ta wannan gefe in hango ta wancan, ba ta yi musu daɗin zama kamar matsattsen lungu mai duhu. Katakon ma ya fi bushewa, ya daina lanƙwasa. Rufin kuwa kwano na ɗora a sama kawai, gefunan a buɗe. Na cire ciyawa da tarkacen da ke kewaye, na kuma kawar da fitilar da ke kusa da wurin, tunda ita ke kiran ƙwari da dare, ƙwari kuma su ke kiran masu cin su. Duk wata biyu nakan bi jibgin da tsintsiya ko da ba na buƙatar komai a ciki.

Wani abu da na daɗe ina ruɗar kaina da shi shi ne tambarin da ke jikin katakon dakon kaya na ƙasa da ƙasa, mai haruffan HT, alamar an gasa shi da zafi. Nakan sayi irin waɗannan in warware, ina ganin tunda an gasa su, ba wani abu mai rai a ciki. Ƙa'idar da ake kira ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002, ta ce a ɗumama katakon har cikinsa ya kai digiri 56 na Salshiyos na tsawon minti talatin. Don kashe ƙwarin da ke cikin naman itacen aka yi ta, kada su ƙetara su ɓata dazukan wata ƙasa. Ba ta hana gizo-gizo shiga lungunsa washegari a tashar jirgin ruwa ko a sito. Wanda ya zo daga nesa ma ya fi cancantar a duba shi, domin yana iya ɗauko baƙon da likitan wurinku bai saba gani ba.

Maganar ɗauri da likita ta hana ni, akwai inda aka keɓe. A gabashin Ostareliya akwai gizo-gizo mai saƙar mazurari, wanda na kewayen birnin Sidni ya fi suna, mai son ƙarƙashin gungume da itace mai danshi. Dafinsa na iya kisa cikin sauri, an rubuta mutuwar mutum 13 kafin a samar da maganinsa a 1981 ta hannun Struan Sutherland da abokan aikinsa, daga nan ba a sake rubuta ko ɗaya ba. Cizonsa ana naɗe gaɓar duka da bandeji mai faɗi, a ɗaure ta da sanda kada ta motsa, kamar yadda suke yi wa saran maciji a can. Wannan ma naɗi ne mai faɗi, ya bambanta da shaƙe damtse da igiya. Ga mai jan baya kuwa, a ƙasar guda, ba a naɗewa, ƙanƙara ake sawa. Duk inda mutum yake aiki, ya dace ya san irin waɗanda ke yankinsa tun kafin ya buƙaci sanin. A jikin ƙofar ɗakin ajiyata yanzu akwai kwalba mai murfi, da sabulu, da biro na zagaye tabo, na kuma gaya wa duk mai taya ni aiki cewa in abu ya cije shi, ya kama abin ko ya ɗauki hotonsa, ya lura da lokacin. In kuwa ƙurji ne ya fito ba a ga mai cizo ba, yana girma, yana tara ruwa, to a kai wa likita a matsayin ƙurji.

Makon jiya na koma ɗaukar tu-bai-fo biyu. Ɗiyata ƙarama ta biyo ni tana son ta taya ni. Na ce, "Tsaya nan baya, ki riƙe mini tocila." Na tattake safa, na sa, na buga kan katakon, na durƙusa muka haska ƙarƙashi tare. A can ƙuryar, tsakanin bulo da ƙarfe, ga 'yar yana a hargitse, da ƙwallo ɗaya mai ƙayoyi. Na nuna mata shi da tsinken, na ce ta kalle shi da kyau, in ta sake ganin irinsa a ƙarƙashin kujera ko a cikin bokiti, kada ta taɓa, ta zo ta kira ni. Ta kalla ta daɗe, ta ce, "Baba, ina uwar take?" Muka matsar da hasken kaɗan, sai ga ta a rataye, cikinta sama, kalangun yana ɗaukar ido. Na sa kwalba na rufe ta, na murƙushe ƙwallon, na share wurin, sannan na zaro katakon biyu ta gefe.